Na'urar da muke cire wa batir

Jama'ar Garwa, musamman masu otal, masu shaguna da masu gidajen haya, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

In kun shiga wasu masaukai da ofisoshi na garin nan ku ɗaga kai ku dubi silin. Za ku ga wani farin abu zagayayye a manne, na'urar gano hayaƙi ke nan. Ni dai na fi lura da yawanta tun bayan gyare-gyaren da aka yi domin gasar cin kofin Afirka, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Roumdé Adjia a farkon 2022. Amma ku ƙura mata ido. Wata an ɗaure mata baƙar leda da roba, wata kuma murfinta a buɗe yake, gurbin batir wayam. In ka tambayi mai gadi sai ya ce maka: "Oga, ai ihun banza take mana, ba wuta ba komai."

Gaskiyarsa, tana yin haka. Sai dai akwai dalili. A cikin yawancinsu akwai ɗan ƙaramin ɗaki mai duhu, da siririn haske, da wani ido da hasken ba ya dukansa kai tsaye. In hayaƙi ya shiga, sai ya watsa hasken ya faɗa kan idon, ƙara ta tashi. Kamar dai yadda hasken rana da ya ratso ta taga yake nuna maka ƙurar da ke yawo a ɗaki. To, ita ba ta san bambancin hayaƙin gobara da ƙura ba. Mu kuwa wace ƙura ce ba mu da ita? Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana lulluɓe garin nan, har ka tsaya kan gadar Binuwai ba ka hango ƙetare sosai. A ƙara da ɓurɓushin auduga a lokacin kakarta. Na ga an buɗe wata a gabana: ragar cikinta ta toshe da jar ƙura, ga yanar gizo-gizo, ga busasshen ƙwaro a lungu. Yaya za a yi ta yi shiru?

Sai abubuwan da muke yi da hannunmu. Uwargida ta sa turaren wuta a kasko ta rufe ƙofa don ɗaki ya kama. An kunna maganin sauro mai hayaƙi da daddare. An manna na'urar daf da kicin inda ake suya, ko bakin banɗaki inda tururin ruwan zafi ke fitowa. Ƙa'ida ita ce a nesanta ta da murhu kamar mita 3. Kicin kuwa akwai nata daban, wadda zafi take ji ba hayaƙi ba.

Wanda aka fi mantawa shi ne yanayinmu. Da yawa daga na gida an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 38 zuwa 40 ba, kuma a rubuce yake a takardarsu. Garwa a Maris da Afrilu tana haura 40 a inuwa, balle ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana. Wannan zafin yana rage wa batir kwana. In ya yi rauni, na'urar takan yi ɗan gajeren tsuwwa kusan duk minti guda, kuma ta fi yi da asuba lokacin sanyi, domin sanyi yana daɗa kashe ƙarfinsa. Wannan ba ƙarar gobara ba ce, sabon batir take nema. Masu haɗe da lantarki ma sukan yi ƙara in an ɗauke wuta aka dawo da ita. Kuma in ta kai shekara 10 sai canji, kwanan ƙirarta na nan a bayanta.

Abin da ya sa nake damuwa shi ne, mai barci ba ya jin warin hayaƙi yadda zai tashe shi, kuma hayaƙin ne ya fi kashe mutane kafin wutar ta iso gare su. Shi ya sa Faransa ta wajabta ta a kowane gida tun Maris 2015. Mu da wayoyin lantarkinmu suka tsufa, ga galan na fetur da ake ajiyewa a ɗaki, ai mun fi Faransawa buƙatarta. Baƙon da ya kama ɗaki a hawa na biyu ya kwanta, amanar ransa ya ba ka, kai kuma ka ɗaure wa na'urar leda saboda ta hana ka barci jiya. Wallahi wannan ba daidai ba ne.

Don Allah yau a samo tsani. A kwance ledar, a hure ƙurar, a sa sabon batir, a danna maɓallin gwaji a ji ta yi ƙara. In wurin da take ne bai dace ba, a matsar da ita. Lambar 'yan kwana-kwana kuma 118 ce, a rubuta ta a bango inda yara ma za su gani. Allah Ya tsare mu da gobara.