Ranar Da Madubin Mota Ya Ruɗe Ni A Arlit

Yau zan ba ku labarin abin da ya same ni a Arlit, domin kada ya samu waninku.

Ni mutumin Adar ne. Ina da shekara 19 na bar gida na zama yaron mota. Maigidana yana da babbar mota. Mukan ɗauki hatsi da albasa daga Tawa, mu bi ta Agadas, mu kai Arlit. A lokacin garin yana ta cika da mutane. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da uraniyom a 1971. Na COMINAK a Akokan ya biyo baya a 1978, ya yi ta aiki har aka rufe shi a 2021. Ƙasar hamada ce, ba a noman damina. Hatsin da za a ci, sai mota ta kawo shi.

Wata rana mun gama sauke kaya kusa da kasuwa. Maigida ya miƙo mini makulli ya ce, "Ja ta baya kaɗan, ka ba mutane hanya." Na hau da murna, don ban daɗe da fara koyon tuƙi ba. Na duba madubin gefe. Na hango wani yaro da amalanken jaki, yana ɗauke da gangar ruwa. Na gan shi ɗan ƙarami, na ce a raina yana can nesa. Na taka mota. Sai na ji ƙara, mutane suna ihu.

Ashe yaron yana daf da ni. Amalanke ya karye, ruwa ya zube, jaki ya faɗi. Allah ya kiyaye, yaron ya yi tsalle, ya tsira da targaɗe a ƙafa. Kuɗin aikina na wata biyu suka tafi wajen gyara da magani. Da taya ta ƙara juyi ɗaya, da yau wani labari ake yi.

Da dare na kasa cin abinci. Akwai wani tsohon makaniki da muke kwana a garejinsa. Ya ce, "Ɗana, me ka gani a madubi?" Na ce, "Wallahi Baba, nesa na gan shi. Madubin nan ƙarya yake yi." Ya yi dariya ya ce, "Je ka ɗauko madubin askina da cokalin shayi."

Ya fara da madubin aski, wanda yake shimfiɗe. Ya ce madubi gilashi ne da aka shafa wa azurfa ko alminiyom a baya. Haske yana tafiya a miƙe. Idan ya bugi madubi sai ya komo, kamar ƙwallon da aka buga a bango. Idan ya zo kai tsaye, kai tsaye zai koma. Idan ya zo a karkace, da irin wannan karkata zai tashi ta ɗaya gefen. Hasken da ya bar fuskarka ya bugi madubi ya dawo idonka. Shi kuwa ido ya saba da haske mai zuwa a miƙe, sai ya ɗauka daga bayan madubin ya fito.

Ya jingina madubin a taya ya ce in matsa taki ɗaya. Na ga hotona ya matso. Na ja da baya, shi ma ya ja. Baba ya ce, "Ka gani? Idan kana taki biyu a gaba, hotonka yana taki biyu a ciki. Wannan madubin ba ya rage girma, ba ya ƙarawa."

Daga nan ya ba ni cokali ya ce in dubi bayansa. Na ga fuskata ƙarama, amma na ga fitila da ƙofar gareji da motoci biyu, duk a cikin ɗan cokali. Ya ce, "To, madubin motarku ke nan. Yana da doro kamar bayan ƙwarya. Da gangan aka yi shi haka, don ya kwaso wuri mai faɗi. Amma kafin abubuwa da yawa su shiga ɗan wuri, dole kowane ya ƙanƙance. Kai kuma ka saba, abin da ya yi ƙarami nesa yake. Nan ka ruɗe."

Na shafa madubin motar da yatsa washegari. Lalle akwai ɗan tudu, wanda ido ba ya lura da shi. Daga baya na ji cewa a Amurka har gargaɗi ake rubutawa a jikin irin wannan madubi, cewa abin da ka gani ya fi kusa da yadda kake zato.

Saura cikin cokali. Da na duba, sai na gan ni kai ƙasa. Wannan shi ne madubi mai zurfi kamar cikin ƙwarya. Aikinsa tara haske wuri ɗaya. Hasken da ya bugi sama yana gangarowa, wanda ya bugi ƙasa yana hawa, su haɗu a tsakiya, su wuce juna. Idan kana bayan mahaɗar nan, za ka ga abu a kife. Idan ka matso ka shiga tsakaninta da madubi, abu zai miƙe, ya ƙara girma. Ku kawo kan yatsa daf da cikin cokali ku gani.

Baba ya kwance kan tocila ya nuna mini ɗan kwano mai ƙyalli da ke kewaye da ƙwan. Ya ce haka fitilar mota take. Ana sa ƙwan a daidai mahaɗar, sai kwanon ya tura hasken gaba a dunƙule, ya haska hanya da nisa.

Idan aka fuskantar da irin wannan madubi ga rana, zafi yana taruwa a mahaɗar har ya tafasa ruwa. Ɗan ƙasarmu Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi zurfin bincike a kan wannan. Ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL a Yamai daga 1969 zuwa 1985, inda aka ƙera murhun rana da abin dumama ruwa. Ya rasu a 1991, kuma sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi. A ƙasar Maroko, kusa da garin Warzazat, an buɗe tashar lantarki ta Noor a 2016, mai dogayen layuka na madubai masu zurfi. Duk wanda ya san tsadar itace da gawayi a Arlit, ya kuma san ranar garin, zai gane darajar wannan ilimi.

Shekaru bayan haka na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da na fara haɗa baƙaƙe, na ga motar asibiti da rubutu a birkice a goshinta. Na ce wa malaminmu mai fentin bai iya rubutu ba. Malam ya rubuta sunana a takarda ya nuna wa madubi, sai sunan ya birkice. Ya ce, "Kai ka juya takardar don ta kalli madubi. Ɗaga ta a rana ka duba ta baya, haka za ka gan ta." An birkita rubutun motar asibiti ne don direban da ke gaba ya karanta shi daidai a madubinsa, ya ba da hanya.

Na yi shekaru ina tuƙi bayan wannan, ban sake taka kowa ba. To, ga abin da nake roƙonku. Direba da mai babur, ku shafa madubinku ku san irinsa. Idan mai doro ne, abin da kuka gani ya fi kusa. Kafin ku ja babbar mota baya, ku sa yaro ya sauka ya duba. Masu amalanke da masu tafiya a ƙasa, kada ku tsaya a bayan mota. Idan ba ku ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ku ba. Iyaye mata, kada ku bar madubi mai zurfi ko kwano mai ƙyalli a rana kusa da ciyawa ko zana. Ku hana yara haska wa juna rana a ido da madubi.

Yau da dare, bayan an ci tuwo, ku wanke cokali ku tara yara. Ku nuna musu bayansa, ku nuna musu cikinsa, ku tambaye su abin da suka gani. Allah ya kiyaye mu a hanya.