Jiran fita fili cikin zafin rana

Ka san Tawa garin kokowa ne. A nan aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, Kantu na Maraɗi ya ci. Amma ni abin da ke damuna shi ne zaman jira kafin a kira ɗan kokowa fili.

Bayan girbi, a Barmu ko Kalfu, rana ba ta da sauƙi. Yaro zai zo tun azahar, ba zai shiga ba sai bayan la'asar. Da ya ji ganga sai ya miƙe, ya yi ta tsalle da kirari cikin rana. Zufa na zuba, ƙarfinsa na tafiya tare da ita. In an kira shi, ƙafa ta riga ta mutu. Sai ka ji ana cewa asiri aka yi masa. Wane asiri? Ƙishirwa ce!

To in kai ne, nemi inuwa ka zamna. Sha ruwa kaɗan-kaɗan, kar ka cika ciki gaba ɗaya. Fura ma, a sha ta tun da wuri. Duba fitsarinka: in ya yi ja, ruwan jiki ya ragu. Motsa jiki kuwa, bari sai saura mutum biyu gabanka.

In ka ga abokinka na jiri ko yana magana barkatai, kar a bar shi ya shiga. A kai shi inuwa, a zuba masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a garzaya da shi likita.