Marubutan Zango, ina labarin ya shiga?

Yau ma an turo wani labari a zauren marubutanmu na WhatsApp, kuma ciwon da na sha yi muku kuka a kai shi ne dai. Shafi biyu sun tafi a kan farar fatar yarinya, dogon hancinta, motar babanta da falon gidansu a Abuja, babu abin da ya sami kowa. Mai rubutun ɗan unguwar Nima ne a Gana, amma ko ƙamshin koko da ƙosai ba ka ji a ciki. Mai karatu a waya, cikin motar haya ta trotro, ba zai jira ka ba. Layi biyar ya ba ka, ya wuce.

Magabata ba haka suka yi ba. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933 a Zariya, abin da ya tayar da Alhaji Imam shi ne wulakancin da aka yi wa mijin uwarsa a fada, ya fita neman ruwan da aka ƙaryata. Magana Jari Ce da damuwar sarki marar ɗa namiji ta soma. Ko tatsuniyar kaka, da an gama buɗewa sai yunwa ta sako Gizo gaba. Damuwa ce ke riƙe mai sauraro.

Na san za a ce Bismilla da salati fa? Ku yi su, albarka ce, amma bayan su labari ya tashi. Wasu za su ce masu karatu na Kano ba su san unguwanninmu irin su Maamobi ba. To, Mohammed Naseehu Ali da Turanci ya rubuta labaran Zangon Kumasi, aka buga a Amurka a 2005, waɗanda ba su taɓa taka Gana ba suka karanta.

Kuma mu da muke zaune a kan labari! A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Fara da tsohuwa a Sabon Zangon Malam Baƙo tana ɗaure kwanukanta a zani, mijinta ya ce ba inda za shi, ɗansu yana ƙofa da kuɗin mota. Kyan yarinyar ka ajiye shi sai babi na uku.