Kwana Biyu a Wajen Koyon Sarrafa Yumɓun Azurfa

Gabatarwa

Ƙira na ɗaya daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in ɗan'adam. A ƙasar Hausa an kasa maƙera gida biyu, wato maƙeran baƙi masu samar da fartanya da garma da gatari, da kuma maƙeran fari masu sarrafa azurfa da tagulla su fitar da zobe da munduwa da 'yan kunne. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san cewa ƙarfe ba ya jin magana sai ya ji wuta. Sai an zuga shi ya yi laushi ko ya narke, sannan a siffanta shi. To, amma a ƙarshen ƙarni na 20 an fito da wata dabara a ƙasar Jafan wadda ta juya wannan tsari, inda ake siffanta azurfa da yatsu tana da taushi kamar laka, daga baya a kai ta wuta. Wannan rubutu labari ne na wata malamar lissafi a birnin Birmingham na ƙasar Ingila, wadda ta sadaukar da Asabar da Lahadi domin koyon wannan dabara, da kuma abin da ta taso da shi.

Mene ne Yumɓun Azurfa?

Yumɓun azurfa ba ƙasa ba ce da ake haƙowa a bakin rafi. Haɗi ne na abubuwa uku: garin azurfa mai laushin gaske, da ruwa, da wani irin danƙo mai ƙonewa wanda ke riƙe garin wuri guda. Kamfanin Mitsubishi Materials ne ya fara samar da shi a farkon shekarun 1990, a ƙarƙashin jagorancin wani masanin ƙarafa mai suna Masaki Morikawa, aka sa masa suna PMC, kuma ya isa kasuwar Amurka a shekarar 1996. Wani kamfanin na Jafan, wato Aida Chemical Industries, wanda aikinsa shi ne tace ƙarafa masu daraja daga tsofaffin kayayyaki, shi ma ya fito da nasa mai suna Art Clay Silver. Idan aka gasa wannan yumɓu, ruwan ya tafi, danƙon ya ƙone, abin da zai rage shi ne azurfa tsantsa, kashi 99.9 cikin ɗari.

Dalilin Zuwan Malamar

Malamar ta shafe shekara 22 tana koyarwa a makarantar sakandare, kuma ba ta taɓa riƙe kayan ƙira ba, duk da cewa birnin da take zaune ya yi suna wajen wannan sana'a. A nan ne shahararriyar unguwar maƙeran kayan ado take, kuma tun shekarar 1773 aka kafa ofishin tantance ingancin azurfa a birnin, wanda tambarinsa hoton angar jirgin ruwa ne. Abin da ya kai ta shi ne wani ɗan ƙyallen leshi da mahaifiyarta ta rasu ta bari, ragowar rigar aurenta. Zaren ya tsufa, ya fara tsinkewa da kansa, ga shi kuma bikin 'yarta ya matso. Burinta shi ne ta kwashe zanen leshin nan ta mayar da shi a kan azurfa, ta yi wa amarya abin wuya, tun kafin ƙyallen ya gama lalacewa.

Ranar Asabar

Su takwas ne masu koyo, maza da mata, kuma mai koyar da su wata mata ce da ta daɗe tana ƙirar azurfa. A gaban kowa an ajiye faifan roba, da guntun bututu na murzawa, da katin karta, da ɗan man zaitun, da ƙoƙon ruwa da ƙaramin buroshi, da 'yar wuƙa. Sai kuma wata 'yar leda a liƙe, mai ɗauke da giram 10 na yumɓun, wadda aka ce kada wanda ya taɓa ta tukuna.

Har rana ta take ba a buɗe ledar ba. A maimakon haka, an raba musu laka ta roba irin wadda yara ke wasa da ita, aka ce kowa ya gwada abin da yake son yi. Da malamar ta nuna ƙosawa, sai mai koyarwar ta ce mata, "Da zarar kin buɗe, iska da ɗumin hannunki za su fara shanye ruwansa. Ki gama shawara tun yana cikin leda." Saboda haka malamar ta yi gwaji har sau shida da wani leshi na kasuwa, kafin ta yarda ta fito da na mahaifiyarta.

Ga yadda aikin ya gudana. Da farko ta shafa ɗan man zaitun a tafin hannunta da faifan da bututun, don kada yumɓun ya manne. Ta jera katin karta huɗu a dama, huɗu a hagu, ta sa yumɓun a tsakiya, ta murza bututun a kan katunan, ta yadda kaurin zai daidaita ko'ina. Daga nan ta cire kati ɗaya daga kowane gefe, ta shimfiɗa leshin a sama. A nan ne aka yi mata kashedi cewa murzawa ɗaya ake yi, da ƙarfi, ba tsayawa, domin idan aka koma baya zanen zai hau kan ɗan'uwansa ya dagule. Ta kuma san cewa tsohon ƙyallen ba zai jure a yi ta maimaitawa ba. Ta ja numfashi, ta murza, ta ɗaga leshin a hankali. Ga furannin nan sun fito raɗau, har da wurin da mahaifiyarta ta taɓa ɗinke wata 'yar yagewa. Ta yanke shi da siffar ƙwai, ta huda wurin sarƙa da siririn bututun shan lemo, ta maida ragowar yumɓun cikin leda ta naɗe. Aka jera ayyukan a kan faifan katako su kwana suna bushewa, bayan an gargaɗe su da kada su ɗora ɗanyen yumɓu a kan alminiyam, domin yana ɓata shi.

Ranar Lahadi

Malamar ta dawo da zaton cewa aiki ya ƙare, saura gashi. Ashe mafi tsawon aikin yana gaba. Busasshen yumɓu yana da saurin karyewa kamar biskit, amma kuma a wannan hali ne ya fi sauƙin gyara. Ana goge gefensa da samfefa mai laushi, a daidaita huda, a share sawun yatsa. Garin da ke zuba ba a zubar da shi, tarawa ake yi, domin azurfa ce. Idan aka ɗiga masa ruwa sai ya zama kamar kunu, wanda da shi ake cike tsaga.

Mai koyarwar ta bi kowa da gilashin ƙara girman abu. Da ta zo kan aikin malamar, sai ta miƙa mata gilashin ta ce ta duba kusa da hudar. Can ga wata tsaga siririya kamar gashi. Malamar ta tambaya ko wuta ba za ta haɗe ta ba. Mai koyarwar ta girgiza kai ta ce, "Wuta ba ta gyara abin da hannu ya bari. Aikin zai tsuke idan ya gasu, tsagar kuma ta ƙara buɗewa, ga shi a nan ne nauyin sarƙa zai rataya." Haka malamar ta zauna tana cike tsagar da kunun azurfa, ta busar, ta goge, ta sake dubawa, har sau uku. Aikin da za a yi da buroshi cikin 'yan mintoci yanzu, in an bari sai bayan gashi, sai an sha fama da magagari, wani lokaci ma sai an sake mayar da shi wuta.

Akwai kuma gwajin bushewa. Ana ɗumama aikin, a ɗora shi a kan madubi mai sanyi na ɗan lokaci, sannan a ɗauke. Idan aka ga gumi a wurin, to da sauran ruwa a ciki. Wani dattijo daga cikin masu koyon, tsohon direban bas, ya ƙera wani abu mai kauri da safiyar ranar, ya taɓa bayansa ya ji a bushe, ya tsallake wannan gwaji. Da wuta ta taɓa shi, ruwan da ke ciki ya zama tururi, ya nemi hanyar fita, fuskar aikin ta kumbura ta tsage. Mai koyarwar ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai zagaya da aikin kowa ya gani, ta bayyana dalili, sannan ta taya shi fara wani.

Gashi da Gogewa

Hanya biyu ake gasa yumɓun azurfa. Ana iya sa shi a tanderun lantarki, inda irin wanda suka yi amfani da shi ke buƙatar zafin digiri 650 na ma'aunin Salshiyas na tsawon minti 30. Ƙananan ayyuka kuwa ana iya gasa su da 'yar wutar gas ta hannu a kan bulo mai jure zafi, kuma wannan hanya ce aka koya musu. An rage hasken ɗakin domin a riƙa ganin launin ƙarfen. Malamar ta kunna wutar tana zagaya aikin da ita. Hayaƙi ya tashi, wani ɗan harshen wuta ya kama ya mutu, alamar danƙon ya ƙone. Sannu a hankali aikin ya ɗauki launin garwashi mai haske, aka ce ta riƙe shi a haka na 'yan mintoci. An kuma ja kunnenta cewa in ta ga fuskarsa ta fara sheƙi kamar ruwa, ta janye wutar nan take, domin azurfa na narkewa a wajen digiri 962, kuma in ta narke zanen leshin ya tafi ke nan. Hikimar ita ce a ba ƙwayoyin azurfar zafin da zai sa su manne da juna ba tare da sun narke ba.

Da aikin ya huce, sai ya fito fari fat kamar alli, ya kuma ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Wannan raguwa ce ke sa mai yin zobe ya auna shi ya ɗara yatsa tun yana ɗanye. Malamar ta goge shi da buroshin tagulla da ruwan sabulu, sai ga hasken azurfa ya bayyana. Daga nan aka tsoma shi a wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya yi baƙi, aka sake goge tudun zanen aka bar baƙin a cikin kwarinsa. Saboda tsukewar da ya yi, furannin sun fi fitowa fiye da yadda suke a ɗanye. Wurin tsagar kuwa ko da gilashi ba a gane shi.

Kafin a tashi, mai koyarwar ta faɗa musu iyakar abin da suka koya. Azurfa tsantsa ta fi taushi a kan wadda aka saba ƙera kayan ado da ita, mai kashi 92.5 cikin ɗari, kuma abin da aka gasa daga yumɓu bai kai wanda aka buga da guduma ƙarfi ba. Har ila yau, dokar Birtaniya ta 1973 ta hana a sayar da abu da sunan azurfa ba tare da tambarin ofishin tantancewa ba, sai fa idan nauyinsa bai kai giram 7.78 ba. Haka nan, kwana biyu ba sa mayar da mutum maƙeri. Walda da jan waya da dasa duwatsu suna nan suna jiran mai niyyar daɗewa, kamar yadda ɗan maƙeri a Agadas ke shafe shekaru a gaban mahaifinsa kafin ya iya siffanta kaki, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa.

Abin da Malamar ta Taso da Shi

Amarya ta sa abin wuyan ranar bikinta. Amma maganar tsagar nan ita ce ta fi zama a zuciyar malamar. Ta tuna da ɗalibanta da ke zana babbar jarrabawa suna da shekara 16. Da yawa daga cikin waɗanda ke faɗuwa a lissafi, matsalarsu ba ta soma a ajin ƙarshe ba. Wani tun yana ɗan shekara 11 bai fahimci lissafin kashi-kashi ba, ya yi shiru, aka wuce, aka yi ta ɗora masa sababbin darussa a kan wannan rauni, ana fatan yawan bita dab da jarrabawa zai rufe shi. Jarrabawa kuwa, kamar wutar gas ɗin nan, fito da raunin take yi fili.

Saboda haka ta sauya tsarinta da 'yan aji ɗaya. Kafin ta shiga sabon babi, takan ba su 'yan tambayoyi kaɗan a kan wanda ya gabata, ba don ba da maki ba, sai don ta ga inda tsaga take. Takan sa yaro ya yi aikin a gabanta yana faɗin dalilin kowane mataki, domin amsa daidai a takarda tana iya zama kamar bayan yumɓun dattijon nan, a bushe a waje, da ruwa a ciki. Idan kuma yaro ya yi kuskure, takan bayyana wa aji dalilin kuskuren ba tare da ta muzanta mai shi ba. Wannan tsari yana cin lokaci, kuma sau da yawa takan ga takwarorinta sun riga ta kammala manhaja. Ta dai zaɓi ta jure wannan, tunda ta ga yadda ƙaramin gyara a kan kari ke hana babbar asara.

Kammalawa

Yumɓun azurfa ya sauƙaƙa wa mai koyo shiga sana'ar da a da sai wanda ya gada ko ya daɗe a maƙera ke kusantarta. Sai dai bai ɗauke masa nauyin haƙuri da lura ba, domin ingancin aikin yana ƙayyaduwa ne a tsakanin bushewa da gashi, lokacin da gyara ke da sauƙi kuma aibi ke da wuyar gani. Bahaushe na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ke shirin zama malami zai tarar da yara a hannunsa suna wannan mataki, kuma alhakinsa ne ya duba su da kyau, ɗaya bayan ɗaya, ya cike abin da ya tsage tun ranar jarrabawa ba ta zo ba.