Daren Alarsas

Ma'aikacin da aka turo Agadas daga kudu, muddin bai kwana Alarsas ba, to rabin Biyanu ya gani. Ranar 9 ga Muharram, bayan marecen ado, jama'a sukan kwashe zuwa can bayan gari: mata da tabarmi da tukwane, samari cikin rawunan turkuɗi, waɗanda marinan Kura kaɗai suka san wahalarsu, iyaye kuwa suka san tsadarsu. Kwanan fili ake yi. Garwashin shayi na ci har asuba, tambura ba su barin ko jinjiri barci. Da hantsi ƴan gabas da ƴan yamma su shigo birni, ganyen dabino a hannu, ƙura na tashi har ƙofar Sarkin Abzin.