Binciken Asali a Kamba ta Da

A Kamba ta lokacin ƙuruciyarmu, ba a kai goron neman aure sai tsofaffi sun gama binciken asali. Kakata gwana ce a wannan aiki. Sai ta yafa zane, ta ce za ta gaida ƙawarta a Gaya ko Lolo, bayan kwana biyu ta dawo da tarihin gidan yarinya kaka da kakanni: akwai farfaɗiya? An taɓa sa wani a mari? Akwai kuturta? Ita kuturta ma ba gadonta ake yi ba, ƙwayar cuta ce, amma wa ya isa ya gaya wa kakata haka?

Kada a ɗauka a makance suke yi. Bafulatanin da ke kiwon tumakin uda ya san ragon da zai bar wa garke in yana son 'ya'ya masu duhun gaba da farin baya. Manomi tun a gona yake ware zangarniyar gero mafi cika don iri. Sun san jini yana bin jini, ko da ba su taɓa jin sunan Mendel ba, wanda ya wallafa lissafin gadon a 1866.

Abin da ya fi ƙarfin idonsu shi ne gadon da ke ɓuya. Mace ta yi ta haihuwa tana binnewa, a ce wabi take yi. Yaro ya kumbura hannu da ƙafa, ido ya yi ɗorawa, hunturu na shigowa ya kwana yana kukan ciwon ƙashi. A sa masa suna Ajuji, a yi masa tsaga, a nemo rubutu. Wasu ƙyanda ce ta ɗauke su, wasu kuwa amosanin jini ne, wato sikila, alhali uwa da uba lafiyarsu garau.

Ɗa yana karɓar rabin gadonsa daga uwa, rabi daga uba. Mai jinin AS, wato wanda ya gaji jinin sikila (S) daga ɓangare ɗaya kawai, ba ya ciwon, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954. Shi ya sa jinin ya yi yawa a ƙasar sauro irin tamu, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Ba layi ake bi ba: wani gida ya haifi biyar lafiya, maƙwabcinsa ya jera uku masu ciwo. Ga kuma jinin C da ya fi yawa wajen Benin da Burkina Faso, wanda in ya haɗu da S shi ma sikila ce, mu kuwa auratayya da ƙetare tsohon abu ne.

Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure a 2024. Ku ma iyayen yankinmu na Dandi da Bagudo, ku tura yaran nan gwaji tun kafin a sa rana.