Mun Sayar Da Motar, Amma Kamfanin Inshora Bai Daina Cire Mana Kuɗi Ba

Mu biyu ne muka haɗu muka rubuta wannan, wa da ƙane, muna sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 a nan Legas. Wani abu ne ya same mu da muke ganin bai kamata mu yi shiru da shi ba, domin da yawa a cikinmu muna da katin ATM a aljihu, amma ba mu san iyakar abin da ake iya yi da shi ba.

Muna da wata ƙaramar motar ɗaukar kaya da muke kai wa masu gidajen abinci albasa a Ketu da Ojota da Ikeja. Da farko inshorar nan ta dole muke yi mata, wadda jami'an tsaro ke tambaya a hanya, wadda ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya. Da direbanmu ya yi wani ɗan hatsari muka gyara motar daga aljihunmu, sai muka ce gara mu yi babbar inshora mai biyan har ɓarnar motarka. Ita wannan tana da tsada, domin tun farkon shekarar 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar.

Ana haka sai ga wani wakilin kamfanin inshora ya shigo kasuwa. Ya ce ba sai mun biya kuɗin shekara gaba ɗaya ba, za a riƙa cire naira 18,500 duk wata. Muka ga sauƙi ya zo. Ya shigar da lambobin katinmu a wayarsa, banki ya turo mana lambar nan ta tabbatarwa, muka karanta masa, aka cire kuɗin wata na farko. Ya nuna mana wani dogon rubutu da Turanci ya ce a danna an amince, muka danna ba tare da mun karanta ba.

Da shekara ta kusa cika, motar ta fara cin kuɗin gyara fiye da abin da take kawowa, sai muka sayar da ita. Muka kira wakilin muka gaya masa kada a sabunta. Ya ce, "Ba komai Alhaji, an gama." Mu dai a kasuwa muka tashi, inda magana ɗaya ta isa ciniki, don haka muka cire abin daga ranmu.

Bayan wata biyar muka zauna lissafi domin za mu tura kuɗin kaya gida, sai muka ga akwai giɓi na kusan naira dubu casa'in. Muka sake lissafi, haka dai. Asusun nan na rumfa ne, a rana ɗaya saƙon shigar kuɗi da fitarsu ya fi a ƙirga, ba wanda ke tsayawa ya karanta kowanne. Mutum na uku da ke taɓa katin shi ne yaronmu, ɗan yayarmu da muka ɗauko daga gida shekara biyu da suka wuce, shi muke aika wa wajen mai POS ya ciro mana kuɗi.

Nan ne muka yi abin da har yau muke jin kunyarsa. Muka kira shi bayan sallar isha muka titsiye shi. Ya ce, "Kawu, wallahi ban taɓa ɗaukar ko sisin kwabo ba." Muka ce ya je ya yi tunani. Kwana uku yaron nan ba ya cin abincin kirki, ba ya haɗa ido da mu. Har mun fara maganar mu sa shi a motar Arewa, muna ta tunanin abin da za mu gaya wa mahaifiyarsa. Mu kanmu biyu kowa ya fara yi wa ɗan uwansa wani irin kallo, ko da yake ba wanda ya furta.

Wani dattijo maƙwabcin rumfarmu ne Allah Ya sa ya ce mana, kafin mu yanke wa yaro hukunci mu je banki a buga mana bayanin shige da ficen asusun na wata shida. Da muka karɓo muka bi layi-layi da biro, sai ga shi: naira 18,500 ranar ɗaya ga kowane wata, sau biyar, jimla 92,500. Sunan da ke gefen kuɗin ma ba na kamfanin inshorar ba ne, na kamfanin da ke karɓar musu kuɗi ta intanet ne, shi ya sa ko mun ga saƙon ba lallai mu gane ba.

Ma'aikaciyar bankin ce ta fahimtar da mu yadda abin yake. Ranar da ka ba da katinka a irin wannan tsari, izini ka bayar na a ci gaba da cira. Lambar tabbatarwa sau ɗaya ake nemanta, a biyan farko. Daga nan na'ura ce ke cira duk wata, ba ta buƙatar lambar sirrinka, ba ta buƙatar katin ya bar aljihunka. A cikin rubutun da muka danna kuma akwai sharaɗin cewa inshorar za ta sabunta kanta idan ba a rubuto an soke ba. Wato wata biyar muna biya wa motar da ba tamu ba.

A ranar muka sa aka rufe katin aka ba mu sabo. Muka cike takardar ƙorafi, muka karɓi lambar shaidar ƙorafin. Bankin ya ce tunda mu muka ba da katin da hannunmu tun farko, sai mun kawo hujjar cewa mun soke. Muka nemi wakilin, aka ce ya bar aiki da kamfanin, lambarsa ma ba ta shiga. Abin da ya cece mu biyu ne: takardar cinikin motar mai kwanan wata da sa hannun shaidu, da kuma saƙon murya na WhatsApp da ƙaramin cikinmu ya tura wa wakilin bayan mun yi waya, shi kuma ya amsa.

Muka sa aka rubuta mana wasiƙa zuwa kamfanin, kwafi biyu, muka kai ofishinsu da kanmu. Muka tsaya sai da aka buga hatimin an karɓa a kan kwafinmu. A cikin wasiƙar mun faɗa musu cewa idan ba su mayar ba za mu kai ƙara NAICOM, wadda ke da sashen karɓar ƙorafin masu inshora. Ta ɓangaren banki kuma, ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce ka fara kai kuka bankinka, idan mako biyu ya wuce ba a yi komai ba, sai ka rubuta wa sashensa na kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Mun yi zirga-zirga sau huɗu, kowane zuwa asarar rabin yinin kasuwa ne. A ƙarshe suka mayar da kuɗin wata huɗu, naira 74,000, suka riƙe na wata ɗaya wai na lokacin sanarwa ne. Muka gaji muka bar su da Allah.

Ranar da muka dawo da takardar bankin, kafin komai sai da muka kira yaron muka nuna masa. Muka ba shi haƙuri a gaban dattijon da ya ba mu shawara. Ya ce ya yafe, ya yi ta share hawaye. Har yanzu yana tare da mu, amma ya roƙi kada a sake aikensa da katin, mu kuma ba mu da bakin cewa a'a. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to mu namu ma ƙarya ya zama.

Don haka 'yan uwa, duk wanda ya taɓa ba da lambobin katinsa domin biyan wata-wata, ko inshorar mota ce, ko ta lafiya, ko kuɗin tashoshin talabijin, ya koma ya duba asusunsa. Idan za ka rabu da kamfani, ka rubuta musu ka riƙe shaidar sun karɓa, kada ka tsaya ga maganar wakili ta baki. Yanzu mun buɗe wani ƙaramin asusu dabam na irin waɗannan biye-biye, ba ma barin kuɗi a cikinsa sai iya na watan, kuma duk ƙarshen wata muna zama mu karanta bayanin asusun rumfa tare. Wanda Turanci ke ba shi wahala, akwai matasanmu masu karatu a ƙungiya, a nemi ɗaya ya karanta masa sharuɗɗan kafin ya danna.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya kuma tsare mu daga ɗaukar alhakin wanda bai ji ba bai gani ba. Amin.